Kawunan fila na zubi da ake sayarwa a Zariya: a juya a duba gammon kafin a biya

A manyan titunan Zariya, musamman ta wajen Kwangila da hanyar Samaru, ba a rasa inda aka jera su a bakin hanya. Ginshiƙan siminti masu kwari-kwari a jiki, wasu a tsaye, wasu a kwance kan tsofaffin tayoyi, kawunansu a gefe a kife kamar tukwanen da aka wanke bayan biki. Magina na ce musu roman fila. Sabbin gidajen Hanwa da Palladan da Gyallesu kusan duk wanda ke da baranda yana da biyu ko huɗu a gaba. Wannan sharhi a kan kayan nan ne: cikakken saiti na zubin siminti, wato gindi da jiki mai ɓari biyu da kai, tare da aikin ɗaurawa da masu zubin kan haɗa da shi.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne kayan suna saye, kuma masu kyansu suna daɗewa. Amma tsakanin mai kyau da marar kyau akwai tazara mai yawa, kuma daga nesa duk ɗaya suke. Wuri ɗaya ne ke tona asirin kowane, ɗan kumburin nan da ke ƙarƙashin allon saman kai.

Kan fila mafi sauƙi hawa uku ne. A can sama akwai allo mai kusurwa huɗu wanda linta, wato kankaren da aka gicciya a saman filolin, ke zama a kai. A ƙasa akwai wuya, wanda ke haɗuwa da jikin fila. Tsakaninsu akwai wani zagayayyen kumburi da ya taso daga wuyan yana buɗewa har ya tari allon, kamar akushi. Girkawa suna kiransa ekinos. Asalin kalmar a harshensu bushiya ce, wannan dai mai ƙaya da muka sani a gona, kuma da sunan suke kiran wata halittar teku mai ƙaya a ko'ina a jiki, bushiyar teku. Idan ta mutu ƙayoyin suka zube, abin da ke saura ƙoƙo ne zagayayye, mai ɗan faɗi, a dannanne daga sama, an raba shi gida biyar da layukan ɗigo-ɗigo. Wanda ya ga ƙoƙon nan ya kuma ga kan ginshiƙin tsohon ginin Girka ba zai tambayi dalilin sunan ba. Mu nan ba mu da teku, saboda haka a wannan rubutu gammo za mu riƙa ce masa, don aikin gammo yake yi: kaya mai faɗi a sama, kai zagayayye a ƙasa, shi kuma a tsakiya yana sasanta su.

A ginin dutse na Girkawa wannan aiki na gaske ne, nauyin dutsen da aka gicciya a sama ta cikin gammon yake bi ya sauka jikin ginshiƙi. Maginan Zazzau na dauri sun san matsalar ta tasu hanyar. Azara ba ta tsallake fili mai faɗi ba ta lanƙwashe ba, sai su riƙa turo ta hawa-hawa daga saman al'amudi ko bango don a rage tazarar. Wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ga iyakar abin da ƙasa da azara za su iya ɗauka. A filar zubi ta yau kuwa gammon ba ya ɗaukar komai. Kwalliya ce kawai da aka sa wa filar kankare mai rodi da ke ciki. Yawancin ɓarnar da ake gani daga manta wannan ta samo asali, za mu dawo kai.

Siffar gammon ba ɗaya ba ce ko a wajen masu shi. A tsofaffin gine-ginen Pestum da ke kudancin Italiya, na wajajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa, gammon a baje yake, ya bultso sosai kamar an danne shi da kaya. A haikalin Fartenon na birnin Atina, wanda aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsuke, gefensa ya kusa miƙewa, sai dab da allon ya ɗan lanƙwasa ciki. Romawa suka zo suka sauƙaƙa shi ya koma rubu'in da'ira cif. Kusan duk mazuban da ke Zariya, wato ƙoƙunan da ake zuba simintin a ciki ya ɗauki siffa, irin na Romawan ne, kuma hakan daidai ne, don rubu'in da'ira kowane magini zai iya gyara shi idan ya ɓantare.

Awo shi ne matsalar farko, kuma ita ce ba ta gyaruwa da filasta.

Bitrubiyus, maginin Roma na ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Tsawon fila ninki bakwai ne na kaurinta a gindi. Tsawon kai rabin kaurin ne, a raba shi uku daidai: allo, gammo tare da zobbansa, wuya. Faɗin allo kuwa ninki biyu da ɗaya bisa shida na wannan rabin. Ga fila wadda ba ta wuce ƙafa 15 ba, kaurin samanta kashi biyar cikin shida ne na gindinta. A ɗauki baranda mai tsawon mita 2.8 daga daɓe zuwa ƙasan linta. Kaurin gindi zai zama santimita 40, na sama 33 da ɗan ɗori, tsawon kai 20, kowane hawa kusan 6.7, faɗin allo 43 da ɗan ɗori. Ke nan gammon zai fito da santimita biyar ne kacal ta kowane gefe. Ba wahayi ba ne, ana iya kaucewa kaɗan, amma ido ya saba da shi, kuma yana gane an kauce da yawa ko mai idon bai taɓa jin sunan Bitrubiyus ba.

Abin da ake samu a bakin titi sau da yawa ba haka ba ne. Mai zubi yana da mazubin kai ɗaya ko biyu, mazubin jiki kuma iri-iri, don haka kai ɗaya ake ɗora wa fila mai kauri 30 da mai kauri 45. A kan siririyar sai ya zama kamar yaro ya sa malafar babansa, a kan kakkaurar kuma wuyan ya fi jikin ƙanƙanta, sai a cike da siminti a shafe. Idan tsawon ya yi yawa, yanke gindin jikin ake yi da giranda, kwarin jikin ya nutse cikin gindi ba tare da ƙarewa ba. Idan bai kai ba, a ɗora shi kan bulo biyu a yi masa filasta. Na biyun ya fi dama-dama idan an tsara dakalin da kyau.

Akwai wani lissafi da ko masu zubin ba kasafai suke faɗa wa mai saye ba. Filar kankare da aka saba yi inci 9 ce ta kowane gefe, santimita 22.5. Amma daga kusurwa zuwa kusurwa santimita 32 ce. Rigar zubin da za ta rufe ta dole cikinta ya wuce 32 a wuri mafi tsukewa, wato a wuya. A ƙara kaurin rigar, santimita biyu da rabi ta kowane gefe, an tashi 37 a sama, kusan 44 a gindi, wanda ya dace da baranda mai tsawon mita uku da ɗan abin da ba a rasa ba. Saitin mai kauri 40 da muka lissafa ba zai rufe filar inci 9 ba. Abin da ke faruwa a wurin aiki shi ne a ba lebura guduma da kurfi ya sassare kusurwoyin filar har rigar ta shiga. Kusurwoyin nan su ne inda rodi huɗu suke, kankaren da aka sassare shi ne ke kare su daga tsatsa. Wanda ke son siririyar fila, tun ran gini tun ran zane: injiniya ya tsara ta zagayayya tun farko, rodi shida da zagayayyun ringi, a zuba kankaren kai tsaye cikin mazubin.

Sai ingancin zubin kansa. A nan ne ya kamata mai saye ya ce, "Malam, a ɗan juyo mini shi in ga ƙasan." Kada a karɓi amsar "ai duk ɗaya ne, Alhaji." A durƙusa a duba gammon a hasken rana, a shafa da tafin hannu.

Mai kyau sumul yake kamar bayan ƙwarya, launinsa ɗaya, lanƙwasar ba ta da tudu ko kwari, zobban da ke ƙarƙashinsa (asali uku zuwa biyar ne, nan galibi ɗaya ko biyu ake yi) suna da baki mai kaifi da farce zai kama. Marar kyau za a ga ƙananan ramuka birjik a kansa kamar saman waina. Iska ce ta maƙale lokacin zubi, kuma dalilin sananne ne. Idan aka zuba kan yadda zai tsaya, wuya a ƙasa allo a sama, mazubin yana buɗewa sama kamar kwano, kumfar iska na tashi ta bar fuskar gammon. Idan aka kife shi, allo a ƙasa, wanda ya fi sauƙi ga ma'aikaci don allon na zama daram a ƙasa, mazubin na tsukewa sama, kumfar ta taso ta maƙale daidai kan lanƙwasar. Masu aiki mai kyau suna fara shafa wa mazubin kunun siminti mai kauri da buroshi, sannan su zuba sauran hawa-hawa suna bubbuga gefen da gudumar roba minti ɗaya ko biyu kowane hawa. Ramuka biyu ko uku ba komai ba ne. Ramukan da aka rufe da ruwan siminti bayan an cire daga mazubi, waɗanda za a gane da launinsu ya fi duhu kuma zanen buroshi na kai, su ne abin gudu, don shafen nan ɓarewa yake yi da fentin gaba ɗaya bayan damina ɗaya ko biyu.

A ɗauki makulli a ƙwanƙwasa gefen allon. Ƙara mai tsaki alamar siminti ya isa kuma an shayar da shi. Ƙara mai dushewa kamar an bugi tubali ba alheri ba ce. A karce ƙasan allon da ƙusa: idan yashi ya zubo, a bar musu kayansu. Sannan a sa tef a auna bakin wuyan ta hanyoyi biyu a gicciye. Mazuban faiba ne, kuma faiba da aka bari a ranar Maris da Afrilu ta Zariya karkacewa take yi, sai da'irar ta koma siffar ƙwai. Bambancin da ya wuce milimita biyar zai fito fili inda kai ya haɗu da jiki. Haka allon, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, su zo ɗaya.

Kwaɓin da ya dace da irin wannan aiki shi ne siminti ɗaya, yashin kogi biyu da rabi, wato buhu ɗaya mai kilo 50, wanda ya kai kwanon sarki biyu, ga kwanon sarki biyar na yashi, ruwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, ƙasa da haka idan yashin a jiƙe yake. Yawan ruwa na sa kwaɓi ya shiga lungunan mazubi da sauƙi, shi ya sa ma'aikata ke sonsa, amma ruwan da ya ƙafe gurbinsa yake bari, ta nan ruwan sama zai shiga daga baya. Da wannan kwaɓi, jikin fila ɗaya mai tsawon mita biyu da rabi da kaurin riga santimita biyu da rabi yana cin kusan buhu guda, kai kuma idan ba mai rami ba ne yana cin kusan rubu'in buhu kuma nauyinsa ya kai wajen kilo 60. Wannan lissafi yana da amfani wajen ciniki. A tambayi mai zubi fila nawa yake fitarwa a buhu. Idan ya ce uku ko huɗu yana alfahari, to ko ya tsawwala yashi ko rigar ta yi siranta. Lissafin na kuma nuna cewa kuɗin siminti ba shi ne mafi yawan farashin ba, mazubi da hannu da dako ake biya. Saboda haka wanda ya ce a ƙara masa kuɗin rabin buhu a kan kowace fila don ya yi kwaɓi mai ƙarfi bai yi zalunci ba, in dai a gaban mai saye za a kwaɓa.

Yashin ma a duba. Na kogi mai ɗan kaushi ake so, ba rairayin filasta ba. A zuba santimita 10 a gorar roba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye awa uku. Lakar da za ta kwanta a sama kada ta wuce milimita 6.

Lokacin da aka yi zubin yana da tasiri a garin nan fiye da yadda ake zato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na zuƙe ruwan siminti kafin ya gama kamawa. Kayan da aka cire daga mazubi bayan kwana ɗaya aka jera a bakin titi don talla za su yi ƙananan tsagu kamar saƙar gizo, kuma gammon ne ke fara yi saboda a nan kauri ke sauyawa daga sirin wuya zuwa kaurin allo, ɓangare ɗaya na bushewa kafin ɗaya. Ana gane tsagun idan aka watsa ruwa aka jira minti biyu: fuskar ta bushe, layukan su rage da duhu. Ƙa'ida ita ce kwana bakwai a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ko leda, ana shayarwa safe da yamma. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Mai gida da ya matsa a kawo masa jibi shi ya jawo wa kansa.

Abu na ƙarshe a wurin zubi shi ne man da ake shafa wa mazubi don kada siminti ya kama. Baƙin man inji da aka juye daga mota kyauta ne, don haka shi aka fi amfani da shi. Yana shiga fatar simintin, yana hana fenti kamawa, kuma yana iya bullowa rawaya-rawaya ta cikin farin fenti bayan watanni. Ana gane shi da wari da kuma yadda ruwa ke tsayawa ɗigo-ɗigo a kai. Idan an riga an saya, a wanke da ruwan omo mai ɗumi da buroshin waya sau biyu kafin a yi komai.

Aikin ɗaurawa shi ne ɓangaren hidimar da ya fi rauni, kuma galibi ba mai zubin ne ke zuwa ba, yaransa ne. Kowane ɓari na jiki kilo 80 zuwa 100 ne, aikin mutum uku. Ana tsayar da su kewaye da filar kankare, a ɗaure da waya kowane santimita 40, a daidaita da filam, ma'aunin miƙewar gini, ta gefe biyu, sannan a cika ramin da ke tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika shi gaba ɗaya a zubi guda. Ɗanyen kankare mai zurfin mita biyu da rabi yana tura gefensa a ƙasa da ƙarfin da ya kai tan shida a kan kowace murabba'in mita. Ɗinkin ɓarin biyu na buɗewa, ko da ɗan kaɗan ne, kuma a haka zai bushe. A cika rabin mita, a bari ya kama, gobe a ƙara.

Kan kuma kada a matse shi da linta. A bar tazarar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin allo da linta, kuma kada a ɗaura kayan kwalliyar sai an cire katakon da ya tokare dakin, wato kankaren saman gini, kuma an gama rufi. Gini na ɗan zama idan nauyi ya hau shi. Idan allon na manne da linta a lokacin, nauyin da aka tsara wa rodi zai bi ta kan rigar da kaurinta bai wuce yatsa biyu ba. Sakamakon shi ne tsaga a tsaye da ke farawa daga gammo ta gangaro. A cike tazarar daga baya da kwaɓi mai laushi, siminti ɗaya yashi shida. Ba sai an faɗa ba, rigar zubi wadda babu filar kankare a cikinta ba ta da hurumin ɗaukar baranda, ko da mai sayarwa ya rantse akwai waya a ciki. Wayar da ke ciki ta hana shi karyewa a mota ce. Ita ma idan ta matso kusa da fata, ƙasa da santimita ɗaya da rabi, za ta yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ninkin ƙarfen, ta ɓalle leɓen allon.

Ruwan sama na da hanyar da yake bi, kuma kusan babu mazubin da ya tanadar masa. Inda allon ya fito waje da linta, ƙurar hunturu na taruwa a kai wata huɗu. Ruwan farko ya kwaso ta, ya bi gefen allon, ya lanƙwaso ƙarƙashi, ya bi gammon tiryan-tiryan har wuya, ya gangara jiki. Ja-ja ne a watan Mayu, zuwa Agusta ya koma baƙi da gansakuka. Maganin aikin minti goma ne. A yi wa saman allon ɗan gangare da siminti zuwa waje, sannan a ƙarƙashinsa a yanka siririn kwari da giranda, zurfin milimita 8, santimita ɗaya daga baki, a zagaye gefe huɗu. Ruwa na zuwa nan ya ɗiga ƙasa. Da awon da muka bayar wurin yankan a kusurwoyi yalwatacce ne, a tsakiyar gefe kuwa gammon ya kusa taɓa baki, sai a yi shi da hankali ko a nemi allo mai faɗin santimita biyu fiye da ƙa'ida.

Game da masu ado: akwai kai mai naɗi biyu kamar ƙahon rago, wanda gammonsa ke ɗauke da zanen ƙwai da kibiya, ƙwai ɗaya, kibiya ɗaya, har ya zagaye. A tsarin asali ƙwai 24 ne, kowane a saitin kwari ɗaya na jikin fila mai kwari 24, kuma galibi uku ake gani ta gaba tsakanin naɗin biyu. Shi ne mafi farin jini a kasuwa, shi ne kuma muka fi ba da shawarar a yi taka-tsantsan da shi. Yawancin mazuban ba daga asalin sassaƙa aka ɗauko su ba, daga wani zubin aka kwafa, shi ma daga wani. Kowane kwafi na cinye kaifin zanen. Ƙwan ya koma curi, kibiyar ta koma ɗan layi, kwarin da ke tsakaninsu wanda shi ne ke ba da inuwa ya cike. Idan ɗan yatsa bai shiga tsakanin ƙwai da kwasfarsa ba, mazubin ya gaji. A kuma duba inda ɗinkin ɓari biyu ya faɗo: a kan kibiya ya kamata, ba ya raba ƙwai biyu ba. Da kai mai ado daga gajiyayyen mazubi, gara mai gammo sumul, ya fi arha kuma ya fi kwarjini.

Jikin fila ma haka. Mai kwari 20 da bakinsu ke haɗuwa da kaifi, irin na Fartenon, a marmara yake kyau. A siminti kaifin na ɓantarewa tun a wajen lodi. Mai kwari 24 da ɗan fili tsakanin kowane biyu ya fi jure wahala, kuma ɗinki na ɓoyuwa a kan filin.

POP, farar hodar nan da ake kwaɓawa a yi silin da ita, a bar shi a falo. Yana fitar da zane fiye da siminti nesa ba kusa ba, ba shi da nauyi, yana kamawa cikin ƙasa da rabin awa. Amma ruwa na cinsa a hankali, kuma feshin damina na shiga baranda mita ɗaya ko fiye. Fenti na jinkirta abin ne kawai. Duk wanda ya ce zai sa POP a filar waje ya rufe da fenti mai mai, yana sayar da aikin da za a sake.

Akwai hanya ta uku da ta fi duka idan an sami hannu: a ja kan a wurin. Birkila ya yanka siffar allo da gammo da zobba a jikin farantin ƙarfe, ya kafa shi a katako, ya riƙa yaɓa kwaɓi hawa-hawa yana zagaya farantin kewaye da filar har siffar ta fito. Babu ɗinki, babu batun kai bai dace da jiki ba, kuma ana iya bin awon barandar daidai. Aibinsa biyu ne. Yana cin kwana biyu zuwa uku a kan kowane kai saboda kowane hawa bai kamata ya wuce santimita ɗaya da rabi ba kafin ya sha iska, kuma fila huɗu ba za su zo iri ɗaya ba sai da faranti ɗaya da mutum ɗaya. A nemi ganin aikinsa na baya wanda ya ga damina biyu, ba hoton waya ba.

Fenti sai bayan kwana 28 da gama ɗaurawa, don sabon siminti na ƙona fenti, kuma farin gishirin da ke fitowa a ɗinki yana buƙatar ya gama fitowa a goge shi a bushe. A fara da fentin share fage na siminti, sannan na ruwa na waje hawa biyu. Mai sheƙi na nuna kowane tudu a kan gammon da rana ta karkata. Mai gurza-gurzan nan da ake feshe bango da shi kuwa yana cike zobban, kan ya koma dunƙule ɗaya. Idan za a fesa wa bangon baranda, a naɗe kawunan da leda tukuna.

Wajen ciniki a yi maganar saiti cikakke, har da dako da ɗaurawa da cike ɗinki, kuma a amince tun farko cewa abin da ya karye a hanya na mai zubi ne. A je da awon barandar a rubuce: tsawo daga daɓen da aka gama, ba daga kankaren ƙasa ba, don tayil da kwaɓinsa na cin santimita huɗu zuwa biyar, faɗin linta, da awon filar ciki daga kusurwa zuwa kusurwa. A sa su haɗa saiti ɗaya a kwance a ƙasa, gindi da jiki da kai, a ga yadda wuyan ya zauna. Sannan a sa alama da fenti a cikin ramin kowane yanki da aka zaɓa, a sake duba alamar ranar da mota ta sauke su a ƙofar gida.